Kai naka ne, jinya tamu ce

Zuwa ga 'yan uwa da abokan arziki na Jos,

Assalamu alaikum. Ina miƙa gaisuwa ga mutanen Gangare da Anguwar Rogo da Rikkos da Dilimi da Nasarawa har zuwa Bukuru, da waɗanda neman abinci ya kai Abuja suke kwana a Mararaba da Nyanya. Yaya sanyi? Mu ma nan Manchesta muna shan namu, sai dai namu da ruwa yake zuwa, ba da hazo ba.

Duk wanda yake zaune a ƙasar waje ya san wani irin saƙo da ke shigowa waya, yawanci da tsakar dare. Hoton saurayi ne a kan gado, kai a naɗe da bandeji, fuska ta kumbura har ba ka gane shi. A ƙasa an rubuta cewa wane ya yi haɗari, likitoci sun ce sai an yi aiki, ga lambar asusu. Kafin gari ya waye an jera sunaye, kowa da abin da ya bayar a gaban sunansa. Muna turawa, kuma za mu ci gaba da turawa in Allah ya hore, don ba mu da wasu dangin da suka wuce ku. Amma akwai tambayar da ba mai iya yi a wannan lokacin, domin duk wanda ya yi ta za a ce ba shi da imani: da hular kwano a kansa? Ya ɗaura bel? Shi ya sa na ga gara in yi ta yanzu a fili, ba a bakin gadon kowa ba.

Ni ma'aikacin jinya ne, a sashen da ake kawo waɗanda suka bugu a ka ko a laka bayan an gama musu tiyata, a koya musu zama da haɗiyar abinci da riƙe cokali. Abin da zan faɗa, a kansa nake wuni.

Amsar da matasanmu suka fi bayarwa in an yi musu maganar hula ita ce, "Kaina ne ko naka?" Kada ku ɗauka mu kaɗai ne da wannan taurin kai. Da Birtaniya ta wajabta hular kwano a 1973, an kai ruwa rana. Akwai wani dattijo, Fred Hill, tsohon malamin makaranta da ya yi aikin kai saƙo a kan babur a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ce ba gwamnatin da ta isa ta ɗora masa abu a ka. A kama shi, a ci shi tara, ya ƙi biya, a kai shi gidan yari, ya fito ya sake hawa babur ɗinsa yadda ya saba. Haka aka yi ta yi fiye da sau 30, har ya mutu a kurkukun Pentonville a 1984. Mabiya addinin Sik masu naɗa rawani kuwa, sai da majalisa ta yi doka ta musamman a 1976 ta ɗauke musu. Bel ɗin mota irin wanda muke gani yau, wani injiniyan kamfanin Volvo mai suna Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro shi tun 1959, amma bai zama dole ga direba da na gaba ba a nan sai 1983, manyan da ke kujerar baya kuma sai 1991.

Hujjar da ake ba masu cewa kansu nasu ne a nan ƙasar ta kuɗi ce. Asibiti a nan da harajin jama'a ake tafiyar da shi tun 1948, saboda haka in ka fasa kanka da ganganci, aljihun kowa ka taɓa. A Amurka ma haka ake jayayyar. Jihar Florida ta sassauta dokarta a shekarar 2000, ta ce wanda ya haura shekara 21 zai iya hawa babur ba hula muddin yana da inshorar lafiya ta dala 10,000. Mace-macen masu babur suka ƙaru bayan haka, kuma duk wanda ya san aikin asibiti ya san dala 10,000 ba ta kai mai ciwon ƙwaƙwalwa ko'ina a can. Ragowar wani ne zai biya.

To amma wannan muhawara ce ta mutanen da gwamnatinsu ke biya. Mai ƙorafi a nan yana magana ne a kan wasu 'yan kwabbai da suka fita daga harajinsa, bai san majinyacin ba, ba zai taɓa ganinsa ba. Mu a gida fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Ma'ana, takardar kuɗin jinyarka ba ofis take zuwa ba. Hannun babanka take zuwa, da na yayarka mai sayar da atamfa a Taminus, da na ƙanin mahaifinka da ke tara kuɗin Hajji. Idan akwai inda mutum ba shi da bakin cewa kansa nasa ne shi kaɗai, to wurinmu ne.

Akwai wani ɗan ƙanwar mahaifiyata, yaro mai hankali, tela. Yana kan babur ba hula, kuma ba gudu yake ba. Keke ne ya yanko masa a wata mahaɗa, ya kauce, tayar gaba ta hau yashi, ya faɗi kansa ya bugi bakin kwalbati. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, har ya yi wa mai keken faɗa. Aka ce a je asibiti, ya ce ƙurjewa ce kawai. Ya sha maganin ciwon kai ya kwanta. Cikin dare ya fara amai, aka yi ta kiran sunansa ba ya amsawa. A asibiti aka ce sai an yi hoton kai, kuma sai an biya kafin a yi. Aka ce a nemo jini. Aka fara miƙo 'yan takardu, wannan allura, wancan ruwa, safar hannu, auduga, a je a sayo a kawo. Inna ta shimfiɗa kwali da tabarma a baranda, cikin sanyin Jos da kuka sani, ta tare a nan da filas da bokiti. Ƙanwarsa da ke karatun NCE ta dawo gida don a samu mai dafa abinci da kai wa, ba ta koma ba. Filin da mahaifinsa ya saya tun yana aiki, aka sayar a wulaƙance, domin mai saye ya san halin da ake ciki.

Ya rayu, alhamdu lillahi. Amma wanda ya fito daga asibitin ba shi ne ya shiga ba. Yana tafiya da ƙafarsa, yana magana, sai dai abu kaɗan ya harzuƙa ya fasa kwano. Ya auna yadi, kafin ya kai keken ɗinki ya manta na wa ne. Matarsa ta yi iya haƙurinta ta tafi gidansu. Mutanen unguwa suka ce aljanu ne, wasu suka ce sammu, aka yi ta kai shi ruƙiya. Ni kuwa irinsa nake gani kullum: in gaban ƙwaƙwalwa ya bugu, wurin da ke riƙe da haƙuri da kunya da tsara al'amura ne ya taɓu. A lissafin hukuma, wannan yaron ba ya cikin waɗanda suka mutu, saboda haka haɗarinsa ya zo da sauƙi ke nan.

Ku lura kuma da waɗanda suka fi ɗaukar nauyin. Maza suna kawo kuɗi su tafi. Zaman jinya, juya mutum kowane awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi, wanke shi, canza masa robar fitsari, kusan duk a kan mata yake ƙarewa: uwa, mata, ƙanwa. Ba a tambaye su ba ranar da aka rataye hula a hannun babur.

Ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai kamar kindirmo take a ƙwarya: in ƙwaryar ta bugu da ƙasa, ko ba ta fashe ba, na ciki ya riga ya dame. Wani lokaci jijiya ce ke tsinkewa a ciki, jini ya riƙa taruwa a hankali yana danne ƙwaƙwalwa, shi ya sa mutum zai tashi ya yi magana lafiya lau, bayan 'yan awoyi ya sume. Aikin hular kwano ba a ƙarfen ko robar waje yake ba, a farin soson nan mai tauri da ke ciki yake, wanda ke murƙushewa ya shanye bugun. Hular leburori ta wurin gini ba ta da shi, don haka ba ta hana komai a kan babur. Hular da ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba, ita ke fara tashi kafin mai ita ya taɓa ƙasa. Wadda kuma ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta, ko da ba ta tsage ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai kyau tana rage haɗarin ciwon ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin 100, bel kuma yana rage haɗarin mutuwar na cikin mota da kusan rabi.

Masu cewa ai cikin gari ne, ba nisa, ga lissafi. Karo a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. A kilomita 100, kusan mita 40 ne. Babu uwar da hannunta zai iya riƙe jariri a kujerar gaba a wannan lokacin, komai son da take masa. Wanda ke zaune a baya ba bel kuwa, ba kansa kaɗai ya saka a uku ba, shi ne zai taso ya daki ƙeyar na gabansa.

Ba doka muka rasa ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tun 1988, Wole Soyinka ne ma shugabanta na farko. An fara tilasta ɗaura bel a 2003. Ranar 1 ga Janairun 2009 aka ce kowane mai babur da fasinjansa sai da hular kwano, kuma da yawanku kun tuna abin da ya biyo baya: 'yan acaba suka riƙa kifa ƙwarya da robar fenti a ka suna ɗaurewa da igiya, har labarin ya zagaya duniya ana dariya. Fasinjoji suka ce ba za su sa hular da kowa ke sawa ba, saboda ƙwarƙwata da makero, wasu kuma suka ce ana yin asiri a ciki, kana sawa sai dai ka farka a wani wuri. Ba a jima ba maganar ta bi ruwa. Abuja ta kori acaba daga tsakiyar birni a 2006 lokacin da Nasir El-Rufai yake minista, Jos da Bukuru ma aka hana a zamanin Gwamna Jonah Jang. Hanin ya tura babur cikin unguwanni da bayan gari ne kawai, inda ba mai kallon kan kowa.

Abin da ya kashe dokar, a ganina, shi ne mun mai da ita magana tsakaninmu da ɗan rodi sefti, ba tsakaninmu da kwalta ba. Kun san yadda ake yi. Direba ya hango su daga nesa, ya ce wa na gaba, "Malam, ja bel." Malam ya jawo shi ya riƙe da hannu a gefen cinya ba tare da ya maƙala ba, ana wuce su ya saki. Bel ɗin ma don rashin amfani ya sha ƙura, in ka kuskura ka sa shi da farar shadda ranar Juma'a sai ya zana maka baƙin layi daga kafaɗa har ƙugu. Tarar da aka daɗe ana ci a kan bel naira 2,000 ce, ita ma sau da yawa a bakin titi ake sasantawa. A nan Ingila fam 100 ce, kuma ba wanda za ka ce wa "yallaɓai, a duba". In aka kama ka da waya a hannu kana tuƙi, fam 200 ne da maki 6 a lasisinka, maki 12 kuma an raba ka da sitiyari. Ba wai sun fi mu hankali ba ne. Sun san abin zai same su ne tabbas.

Kada kuma a ce sai ƙasar masu kuɗi. A Kigali ta Ruwanda kowane ɗan acaba da hula biyu yake yawo, tasa da ta fasinja. Biyetnam, inda babur ya fi namu yawa nesa ba kusa ba, ta tilasta hula a watan Disambar 2007, kuma abin ya zauna.

Sai maganar da ta fi kowace nauyi a bakinmu: "Kwana ne ya ƙare." "Tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Na yi imani da ƙaddara kamar yadda kuka yi. Amma malamanmu sun karantar da mu abin da Annabi, sallallahu alaihi wasallam, ya ce wa mai raƙumi: ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah. Sun karantar da mu yadda Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham da ya ji ana annoba, ya ce daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Kisan kuskure ma shari'a ba ta bar shi a "Allah ya kawo tsautsayi" ba. Ta ɗora diyya, ta ɗora kaffara, wadda a yau azumin wata biyu ne a jere, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i aya ta 92. Diyyar kuwa dangin wanda ya yi kisan ake ɗora wa, wato ita kanta shari'a ta san gangancin mutum ɗaya gida guda yake ci. Direbobi nawa ne a tashoshinmu suka san da wannan? Maƙwabtanmu Kirista ma suna da irinta a Maimaitawar Shari'a sura 22 aya 8: wanda ya gina gida ya kewaye rufinsa da katanga, don kada alhakin jinin wanda ya faɗo ya hau kansa.

Ban ce komai laifin talaka ba ne, kuma ina jin haushin jami'in da ke fakewa da "gangancin jama'a" duk lokacin da aka yi asara. Yaran da makaranta ta rufta wa a Busa Buji a watan Yulin 2024, inda mutum 22 suka rasu, ba wani bel da za su ɗaura. Wanda tirela ta ƙwace wa direba a Hawan Kibo ta bi ta kansa yana kan hannunsa, ba shi ya ƙi gyara birki ba. Gyaran hanya, duba lafiyar manyan motoci, ba da lasisi ga wanda ya iya tuƙi ba ga wanda ya biya ba, motar ɗaukar marasa lafiya da za ta zo in an kira, duk waɗannan bashi ne a wuyan gwamnati. Hukumar kiyaye haɗurra tana ƙirga sama da mutum 5,000 da ke mutuwa a titunanmu duk shekara, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ƙiyasinta ya haura 30,000. Wannan tazarar kaɗai ta isa ta nuna yawan waɗanda ake binnewa ba wanda ya rubuta.

Akwai kuma inda abin ya cakuɗe. A Majiya ta Jigawa, watan Oktoban 2024, tankar mai ta faɗi, jama'a suka fito da jarkoki da bokitai, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka tafi. Wata uku bayan haka aka maimaita a mahaɗar Dikko kusa da Suleja, sama da 80. Na san abin da litar mai ta koma, na san yunwa. Ba zan zauna a ɗaki mai ɗumi in zagi wanda ya ga kuɗin abincin mako yana malala a kwata ba. Amma ba zan yi masa ƙarya ba: tururin fetur ne ke kama wuta, ba sai an kai ashana bakin man ba, kuma yana bin ƙasa ya yi nisa. Wanda ya tsaya kallo ko ɗaukar bidiyo ma yana cikin da'irar.

Tunda dai mu ne masu biya, ina ganin mu ne ya kamata mu riƙa sa doka, ba sai mun jira mai kaki ba. Alhajin da ke ba yara babur suna kawo masa balas, ya haɗa da hula, ya ce ranar da ya gan shi ba ita ya karɓe makulli. Mu da muke waje muna saya wa ƙanne babur ko keke don su samu sana'a, mu sa kuɗin hula mai kyau a ciki, mu kafa sharaɗi tun kafin kuɗin su shiga. Shugabannin tasha a Bauchi Road da sauran wurare sun san direban da ke shan ƙwaya, sun san wanda ya iso daga Abuja da asuba yake son juyawa nan take ba barci, sun san mai tsohuwar taya. Suna da ikon hana shi lodi fiye da kowane jami'i. Uban ango da uban amarya suna iya cewa ba wasan mota ko na babur a bikin 'ya'yansu, kuma a ji. Fasinja kuma, in wani bawan Allah ya ce "direba, a rage gudu", ku daina taso masa da "Malam, muna sauri ne". Ku mara masa baya. Gadar masu ƙafa da ke kan titin Nyanya da Mararaba, na san hawanta da wuya ga tsoho da mai kaya, amma yawancin masu tsallake shingen tsakiyar titi a ƙarƙashinta samari ne majiya ƙarfi.

Inshorar mota ta dole, wadda ta koma naira 15,000 a 2023, ita ma ku daina sayen ta bogi a bakin ofishin lasisi don kawai a nuna wa 'yan sanda. Ta gaskiyar an yi ta ne don ta biya wanda ka buge, kada a zo ana sayar da gidan gado.

In kuma abin ya riga ya faru a gabanku, mu mutane ne masu saurin kai ɗauki, sai dai wani lokacin garin taimako ake ƙarasa mutum. Wanda ya ce wuyansa ko bayansa na ciwo, ko ba ya jin ƙafafunsa, kada a kama hannu da ƙafa a cusa shi a keke a naɗe. A samu ƙofa ko faffaɗan katako, mutum ɗaya ya riƙe kan daidai da jiki, a ɗauke shi a miƙe. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa ko madara. Inda jini ke zuba, a danna da tsumma mai tsabta a riƙe. Wanda ya bugu a ka, ko ya tashi yana dariya, a sa masa ido kwana ɗaya zuwa biyu: in ya fara amai, ko barci mai nauyi, ko surutai, ko jini ko wani ruwa ya fito ta kunne ko hanci, asibiti za a nufa a daren, ba kemis ba. Karayar da ƙashi ya huda fata kuma ba ta mai ɗori ba ce. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra 122 ce, ku ajiye ta a waya.

Ku gaishe mini da iyaye da yara, da duk wanda ke zaman jinya a yanzu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wassalam,
ɗan'uwanku a Manchesta.